Legas a Yini Guda: Littafin da Gosulo Ya Tace

Duk wanda ya buɗe wayarsa ya nemi kamfanin da zai zaga da shi Legas a yini guda, zai tarar kusan haja ɗaya ake sayarwa, suna da kalar mota ne kawai suka bambanta. Za a ɗauke ka a otal wajen ƙarfe takwas na safe. A fara da dajin Lekki inda ake hawa gadar igiya, a wuce gidan zane-zanen Nike, a tsaya kasuwar kayan hannu a taɓa ciniki, a ci dafa-duka da kifi. Bayan azahar a tsallaka Tsibirin Legas, a shiga gidan tarihi na Onikan, a leƙa Filin Tafawa Balewa, a huta a Freedom Park. In an ƙara kuɗi a sa Makoko a ciki, a hau kwale-kwale. Kafin isha an maido ka inda aka ɗauke ka, waya cike da hotuna.

A ganinmu wannan yawo ya cancanci irin karatun da muke yi wa littafi a wannan zaure. Yana da mabuɗi da marufi, yana da zubi da tsari, yana da mai ba da labari a kujerar gaba, yana da abin da ya ɗauka da abin da ya zubar. Kuma yanzu ba Turawa kaɗai ke karanta shi ba. 'Yan hidimar ƙasa daga Kano da Sakkwato, ma'aikatan da taro ya kai su Ikko, amarya da ango, matasan da suka je ganawar neman biza suka samu rarar kwana ɗaya, duk suna shiga motar nan, su dawo gida su ce sun ga Legas.

Adabinmu ya san irin wannan tafiya. A 1943 Abubakar Imam ya bi tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma zuwa Ingila bisa gayyatar Turawa, kuma masu masaukin ne suka tsara inda za a je da abin da za a gani. Daga nan Tafiya Mabuɗin Ilmi ya fito. Abin da ya raya littafin shi ne Imam ya bi jagora amma bai ba shi aron idonsa ba, har ya zauna da Lugga ya amayar masa da abin da ke damun 'yan bokon Arewa. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, don haka bin jagora ba abin kunya ba ne. Tambayar ita ce wace Legas ake ɗora wa makahon hannu a kai.

Kowane littafi yana da mai tacewa. Na wannan sunansa gosulo. Legas tsibirai ce da tudu, kuma gadoji uku ne suka haɗa Tsibirin Legas da ɓangaren tudu: Carter, da Eko, da Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8. Mafi yawan mutanen gari a tudu suke kwana, su kwararo tsibiri da safe, su koma da yamma. Otal-otal ɗin da ake ɗaukar masu yawo kuwa galibi a Victoria Island da Ikoyi da Lekki suke. Jagora yana da awa tara a hannunsa, kuma ya san tsallaka gada a lokacin da bai dace ba zai iya cinye masa biyu daga ciki. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun saba da wannan lissafi: a ba kwamfuta jerin wurare, a ce ta nemo hanya mafi sauƙi. Ba ta da son rai, amma abin da aka ce ta auna shi kaɗai take aunawa. In aka ce ta rage mintunan zaman mota ta ƙara wuraren da hoto ke yin kyau, to Agege da Mushin da Ajegunle sun faɗi tun ba a tada mota ba. Alimosho, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a a jihar, ko sunanta ba za ka ji ba. Ba wanda ya zauna ya ƙulla makircin ɓoye su. Hanya ce ta zaɓa, sannan aka zo aka yi wa zaɓin labari.

Babi na farko shi ya fi farin jini, kuma shi ya fi rauni. Dajin Lekki wuri ne mai daɗi, ba ma musu. Gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya ce ta killace shi a 1990, hekta 78 na fadama da kurmi, da birai masu ƙwace wa mutum biskit a hannu. Gadar igiyar tana da tsawon mita 401, tana rawa a ƙarƙashin ƙafa, kuma wanda bai taɓa jin kansa ya yi salati da ƙarfi a gaban baƙi ba zai ji a ranar. Daga can sama mutum yakan ga yadda duk wannan zirin ƙasa yake kafin siminti ya cinye shi. Nan ne ya kamata labari ya fara. Amma abin da akan faɗa shi ne wai babu gadar da ta kai ta tsawo a Afirka, sai a ce kowa ya gyara tsayuwa a ɗauki hoto.

Ga abin da aka tsallake. A wannan shekara ta 1990 da aka killace dajin, a ita aka buɗe gadar Third Mainland, kuma a watan Yulinta gwamnatin soja ta jihar, ƙarƙashin Raji Rasaki, ta ba mazauna Maroko wa'adin kwana bakwai, sannan ta turo katafila. Kimanin mutum 300,000 ne suka rasa matsuguni. Filin da aka share shi ne yankin da mota ke ratsawa daga Victoria Island zuwa Lekki, inda yanzu benaye da manyan shaguna suke. Wato motar yawon tana bi ta kan Maroko sau biyu a rana, zuwa da dawowa, ba tare da ta ambaci sunan ba. Ba laifin masu dajin ba ne, da ba su kewaye shi ba da yanzu shi ma gidajen haya ne. Amma marubucin da ya samu abubuwa uku irin waɗannan a shekara ɗaya, a gari ɗaya, biyu ma a kan titi ɗaya, ya ɗauki na birai ya bar na mutane, da littafi ne da ba mu raga masa ba. A kan titin nan dai ake wuce shingen karɓar kuɗi na Lekki, inda abin da ya faru a daren 20 ga Oktoba, 2020 ya faru. Wani jagoran yakan nuna da hannu ya faɗi kalma biyu. Wani kuwa a daidai nan yake tuna akwai waƙar da yake so a ji.

Gidan Nike ba mu da ƙorafi a kansa sai na lokaci. Hawa biyar ne cike da zane da sassaƙa, na Nike Davies-Okundaye, wadda ta yi suna da rinin adire. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofin Ƙofar Mata zai ga shunin nan ya gane 'yan gida ɗaya ne. Minti arba'in da biyar da ake bayarwa ko hawa biyu ba za su ishi mai kallon tsanaki ba.

A kasuwar kayan hannu ne Bahaushe yake fara fitowa a littafin, kuma a matsayin ɗan rakiya. Shi ne mai rumfar jakar fata da duwatsun ado, wanda jagora zai ce a raba kuɗin da ya faɗa biyu kafin a fara taya shi. Ga baƙon da ya zo daga Landan wannan nishaɗi ne. Ga wanda ya zo daga Zariya abin yana da wani ɗanɗano dabam, domin yana cikin mota mai sanyi a matsayin mai karatu, sai ya leƙa taga ya ga kansa a shafi, an ba shi suna ɗaya tal, aboki, da aiki ɗaya tal.

Sai an isa Onikan littafin yake samun nauyi, kuma don wannan babi kaɗai muna ganin kuɗin motar bai tafi a banza ba. Kenneth Murray ne ya kafa gidan tarihin a 1957. Akwai kawunan yumɓu na Nok daga kudancin Kaduna, da tagullar Ife da ta Benin. Amma inda kowa ke yin shiru shi ne gaban baƙar Marsandi mai hudojin harsashi, wadda aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, yana da shekara 37. Yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan, ba jiniya ba jerin gwano, motar ta rage gudu a cunkoson safiya na Ikoyi, aka buɗe mata wuta. Kwana goma kafin nan ya sanar da cewa za a ɗauke babban birni daga Legas a kai tsakiyar ƙasa, kuma cunkoso yana cikin dalilan da aka bayar. Ba a tare a Abuja ba sai 12 ga Disamba, 1991.

Wannan mota ta fi duk abin da jagora zai faɗa iya magana. Mutumin da ya yini yana tsaki a gosulo, ya zo ya tsaya gabanta, zai gane cewa cunkoson da kamfanin ke ta ba shi haƙuri a kai ba katsalandan ba ne a labarin garin, yana cikin jigo. Mun lura a nan ne kaɗai mutanen mota ɗaya, Bayarabe da Ibo da Bahaushe, suke fara yi wa juna magana ba ta bakin jagora ba, kowa yana faɗin abin da ya ji daga iyayensa game da ranar. Wasu su zaro naira ashirin su duba fuskar.

Filin Tafawa Balewa ta taga ake ganinsa, dawakan ƙofa da gaggafa, a ce nan ne tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila ranar 1 ga Oktoba, 1960. Gaskiya ne. Da wuya a ƙara da cewa mai sunan filin marubuci ne, shi ya rubuta Shaihu Umar, labarin bautar da ta bi ta hamada, a garin da duk labarin bautarsa ta teku ake bayarwa. Masu karatun wannan mujalla su riƙe wannan, su faɗa a mota in jagora ya manta.

Freedom Park kuwa misali ne na yadda ake gyara tsohon rubutu ba a goge shi ba. Kurkukun Turawa ne na titin Broad, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. Mai zanen gine-gine Theo Lawson ya mai da shi wurin shaƙatawa, aka buɗe a 2010 lokacin bikin cika shekara hamsin da samun 'yanci. An bar katangar, an fitar da girman ɗakunan fursuna yadda mutum zai shiga ya miƙa hannu ya taɓa bango biyu. Akwai masu ganin bai dace a yi kiɗa da shaye-shaye a harabar da aka rataye mutane ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma a gwada shi da Ilojo Bar, gidan bene mai ginin Barazil da ke kusa da dandalin Tinubu, wanda yake cikin jerin kayan tarihin ƙasa tun 1956, aka wayi gari a Satumban 2016 an baje shi. A Legas, wurin da bai koyi ciyar da kansa ba katafila ce ke gadonsa.

Daga ƙofar Freedom Park, tafiyar ƙafa kaɗan ce ta raba mai yawo da babin da aka cire gaba ɗaya. A titin Martins akwai masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894. Attajiri Muhammad Shitta ne ya gina, magininsa João Baptista da Costa yana cikin waɗanda suka dawo daga Barazil, kuma Abdullahi Quilliam ya taso daga Libaful ya halarci buɗewar da saƙon Sarkin Musulmin Istanbul. Mutanen da suka dawo daga Bahia sun baro ƙasar da bayi Hausawa suka yi ta tayar wa iyayen gijinsu da ƙayar baya a 1807 da 1809 da 1814, kafin babban boren Musulmi na 1835. A 1863, shekara biyu bayan Sarki Dosunmu ya sa hannu Ingila ta karɓi Legas, John Glover ya tara 'yan tsirarun masu jin Hausa, da yawansu bayin da suka gudo, ya ba su bindiga. Daga wannan ƙaramar runduna sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa. Ba labarin alfahari ba ne zalla, domin da su aka ci garuruwan wasu da yaƙi, amma labarin Legas ne.

Sai goro. Bayan hanyar fatake ta Gwanja ta fara mutuwa, goro ya koma bin jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara cin wannan kasuwa. Da dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fiye da kilomita 1,100, sai gyaɗa da fata da shanu suka gangaro, goron da aka koma nomawa a yankin Agege ya hau. Unguwar Hausawan Agege daga nan ta yi ƙarfi. Matatar man da ke can ƙarshen hanyar Lekki, wadda jagora ke alfahari da ita, ta tattaɓa-kunnen Ɗantatan nan ce. Legas ɗin motar yawo gari ne da ya fuskanci teku ya ba dogo baya. Kowa a cikinta ta ruwa ya zo: Fotugis, Ingilishi, Saro, Aguda. Wanda ya zo ta tudu kamar jiya ya sauka daga tirela.

Kada a ɗauka muna neman a ce Legas tamu ce. Garin yana da masu shi, Awori da gidan sarautar Iga Idunganran, kuma rigimar da ake yi duk lokacin zaɓe kan wai garin ba na kowa ba ne ba mu da awaki a cikinta. Mu ma a Kano haka muke yi wa baƙo: Gidan Makama, Dala, Kurmi, marina, a maido shi otal, kamar Sabon Gari ba ta shekara ɗari a wurin ba. Abin da ya sa gibin na Legas ya dame mu shi ne yana da farashi. An yi rikici a Idi-Araba a 2002, an yi a Mile 12 a 2016. An hana acaɓa a manyan sassan gari a 2020, aka sake tsanantawa a 2022, kuma kowa ya san yaran da aka fi ƙwace wa babura daga ina suka fito. A ƙarshen Fabrairun 2021 da dillalan abinci da shanu na Arewa suka tsayar da lodi na 'yan kwanaki, farashin tumatir da nama ya gaya wa kowace uwargida a Legas abin da littafin yawo bai gaya mata ba. Labarin da gari ke ba baƙi game da kansa shi ne wanda yake ba 'ya'yansa, kuma da shi ake yanke wanda za a kira ɗan gari da wanda za a ce ya tattara ya koma.

Makoko ita ce amsar da kamfanoni ke bayarwa in an ce sun ɓoye talaka. Ga shi mun kawo ku. Ana sauka a shiga kwale-kwale, a bi ta tsakanin gidajen katako da ke tsaye a kan turaku cikin baƙin ruwa, hayaƙin bandar kifi yana shiga ido, yara suna ɗaga hannu. Mafi yawan mazauna ɓangaren ruwan Egun ne, masunta, kuma sun daɗe a nan. Mun kasa tsayar da hukunci ɗaya a kan wannan babi. Ya fi kallon rufin kwano daga saman gada a guje, kuma wani abu yana shiga aljihun matuƙa da masu unguwa. Amma mutum goma sha biyu riƙe da waya suna ratsa tsakar gidan wasu, suna ɗaukar mace tana wanka wa ɗanta, wannan ko a ƙauyenmu aka yi sai an ji kanmu. Bambancin yana ga jagora. In ɗan unguwar ne, zai gaya maka wa'adin awa 72 da aka ba su a Yulin 2012 kafin a zo da zarto a yanke turakun gidaje. Zai nuna maka inda makarantar nan mai yawo a kan ruwa ta Kunlé Adeyemi ta tsaya daga 2013 har ruwan sama ya kayar da ita a 2016, bayan ta gama zaga mujallun duniya. Zai ce maka har zuwa 2019 unguwar kusan fili ce fari a taswirar waya, sai da matasan wurin, da 'yan mata a cikinsu, suka koyi tuƙa ƙananan jirage marasa matuƙi suka zana lungunansu da kansu. In kuwa daga otal aka taho da shi, abin da za ka ji shi ne wai wannan ce Banis ta Afirka.

Tun Oktoban 2024 gosulo ya rasa wani ɓangare na hujjarsa. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ake kira jan layi, yana tashi daga Oyingbo ya bi Yaba, Mushin, Oshodi, Ikeja, Agege har Agbado, kilomita 27, a kan hanyar da tsohon jirgin Kano ke bi. Mai son wani bugu na littafin zai iya farawa da tsohuwar harabar ma'aikatar jirgin ƙasa a Ebute Metta, inda aka mai da gidan Jaekel ɗan ƙaramin gidan tarihi. Ya wuce Yaba, inda Sa'adu Zungur ya zo karatu a 1934. Ya sauka Agege ya sayi burodi da zafinsa, ya zauna rumfar 'yan goro ya ji Hausar da aka haifa a kurmi, mai ɗauke da Yarabanci a bakinta, ya ƙarasa mayankar Oko-Oba in cikinsa zai ɗauka. Mile 12 ba ta kan layin, kuma mai son ganinta a kan ganiyarta sai ya isa da asuba, lokacin da ake sauke kwandunan tumatirin Kadawa da buhunan albasar Aliero, awa uku kafin motar otal ta tashi.